Daga ganin jini zuwa wankan tsarki: yaushe ciki ke shiga, kuma me ake yi cikin kwana biyar

Mace tana iya ɗaukar ciki daga saduwar da aka yi tana cikin jinin al'ada. Ba kasafai ba ne, amma yana faruwa. Wanda ya fi shi yawa nesa ba kusa ba shi ne cikin da ke shiga a daren wankan tsarki ko kwana ɗaya biyu bayansa, daidai lokacin da ake cewa ai mahaifa ta wanku, babu abin tsoro. Jini ba ya kashe maniyyi, ba ya kuma tare masa hanya. Magana duk tana kan abu ɗaya: kwana nawa ya rage ƙwai ya fito.

Hukuncin kusantar mace tana haila sananne ne, yana aya ta 222 a Suratul Baƙara. Ta fuskar lafiya ma, jini yana sauƙaƙa yaɗuwar sida, wato ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B. Sai dai masu tambayar ko ciki na shiga a cikin jini ko dab da wankan tsarki, daga Ngaundere har Kusiri, da yawansu matan aure ne masu goyo da ke gudun kwanika: jini ya ɗauke an yi wanka sai ga shi ya dawo, ko kwaroron roba ya fashe, ko ranar allurar tazarar haihuwa ta wuce ba a samu zuwa asibiti ba.

Yadda za ki yi lissafin naki

Maniyyi yana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace. Ƙwai kuwa idan ya fito, awa 12 zuwa 24 kawai yake yi. Ke nan kwanakin ɗaukar ciki shida ne: biyar kafin fitar ƙwai, da ranar da ya fito. Ƙwan yana fitowa ne kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, ba kwana 14 bayan wadda ta wuce ba. A nan lissafin yawancin mutane ke karkacewa.

Rana ta 1 ita ce ranar da kika fara ganin jini sosai, ba ranar da kika yi wanka ba. Mata sun fi riƙe kwanakin fashin salla da kwanakin tsarki daban-daban, to ki haɗa su. Wadda take kwana 7 tana jini, kwana 21 tana tsarki, zagayenta 28 ne. Ƙwanta zai fito wajen rana ta 14, haɗari ya fara daga rana ta 9. Tana da kwana ɗaya ko biyu kacal tsakanin wanka da haɗari.

Yanzu ɗauki wadda take kwana 7 tana jini, amma tsarkinta kwana 17 ne. Zagayenta 24. Cire 14, ƙwai zai fito wajen rana ta 10. Koma baya kwana biyar, haɗari ya fara tun rana ta 5, tana tsaka da jini. Idan ta yi wanka rana ta 8 aka sadu da daddare, maniyyin kwana biyu kawai zai jira. Mai zagayen 21 kuwa, ƙwanta na iya fitowa rana ta 7, jinin ma bai gama ɗaukewa ba.

Idan ba kya rubutawa, wata zai nuna miki. Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30. Al'adar da ta zo ran 20 ga wannan wata, ta zo ran 15 ga mai bi masa, sannan ran 10 ga na gaba, zagayenta bai wuce 24 ko 25 ba. Masu cewa "ni sau biyu nake gani a wata" su ma galibi gajeren zagaye gare su.

Ko mai zagayen 28 daidai kada ta saki jiki da lissafin, domin jiki ba agogo ba ne. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta BMJ a shekarar 2000, a kan mata 221, ya nuna cewa kashi 2 cikin 100 sun riga sun shiga kwanakin ɗaukar ciki tun rana ta 4, kashi 17 kuma a rana ta 7. Zazzaɓi, tafiya, tashin hankali, shayarwa, duk suna matsar da ranar ƙwai. 'Yan mata da ba su daɗe da fara al'ada ba, da matan da suka haura 40, su ne lissafi ya fi yaudara.

Hanyar lissafi da ta fi kusa da daidai ita ce ki rubuta zagayenki na wata shida, ki ɗauki mafi gajarta ki cire 18. Abin da ya rage shi ne ranar da haɗari ke farawa. Mafi gajarta 24, wannan lissafin zai ba ki rana ta 6, amma kamar yadda aka gani a sama haɗari na iya farawa tun rana ta 5. Wuyan duwatsun lissafi da ake bayarwa a wasu asibitoci, collier du cycle, yana ɗaukar rana ta 8 zuwa ta 19 a matsayin haɗari, amma an yi shi ne don masu zagayen 26 zuwa 32 kaɗai.

Akwai kuma jinin da ba haila ba ne. Wasu matan suna ganin ɗan ɗigo a tsakiyar wata, ruwan ƙasa ko ja-ja, kwana ɗaya ko biyu. Wannan na iya zama na fitar ƙwai, kuma idan shi ne, kwanakin ne mafi haɗari a duk watan. Haka jinin ciwo: a mazhabar Malikiyya mai al'ada tana ƙara kwana uku a kan kwanakin da ta saba, muddin ba ta wuce 15 ba, daga nan ta yi wanka ta koma salla ko da jinin bai tsaya ba. Mai kwana 7 ke nan za ta koma ɗakin miji wajen rana ta 11, tana ganin jini, alhali tana tsakiyar kwanakin ɗaukar ciki.

To yaushe ake neman maganin gaggawa, wato na hana ciki bayan an riga an sadu? Idan zagayenki 28 ne ko fiye, ba ya saɓawa, kuma saduwar a kwana uku na farko ne, haɗarin kaɗan ne ƙwarai. Idan kuwa zagayen bai kai 26 ba, ko ba shi da tsayayyen lokaci, ko an kai rana ta 5, ko ba ki tabbata jinin na haila ba ne, kuma ba kya son ciki yanzu, ki nema. Wahalar shan ƙwaya ɗaya ba ta kai ta zaman zullumi na mako uku ba.

Wadda take shan ƙwayar tazarar haihuwa ta kullum ba tare da tsallake ba, tana da kariya har a makon da take jini. Matsala tana zuwa ne idan ta makara fara sabon kati da kwana 3 ko fiye, ko ta tsallake ƙwaya 3 a makon farko. Mai allurar wata uku, Depo-Provera ko Sayana Press, sai ta wuce ranarta da fiye da mako 4 ake lissafin kariya ta ƙare. Mai jego kuma, ciki na iya shiga daga kwana 21 bayan haihuwa, tun kafin arba'in, tun kafin ta ga al'ada. Shayarwa tana karewa ne kawai idan jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ruwa ba kunu, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi.

Ƙwayar da ta fi samuwa

Ita ce levonorgestrel, miligiram 1.5, sha ɗaya. A farmasi za ki same ta da suna NorLevo, ko Postinor, ko wasu sunaye. Wadda ta zo ƙwaya biyu a kati, kamar Postinor-2, kowace 0.75 ce. Ki haɗiye su tare lokaci ɗaya, ba sai kin jira awa 12 ba kamar yadda tsofaffin takardu ke cewa, domin a jiran ne ake manta ta biyun.

Sunanta na Faransanci, pilule du lendemain, yana ruɗa mutane ta fuska biyu. Wasu suna jira sai gari ya waye alhali tana hannu, wasu kuma suna ɗauka idan washegari ta wuce shi ke nan. A sha da zarar an samu. Ta fi aiki cikin awa 72, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a sha har awa 120, sai dai ƙarfinta yana raguwa. A ƙirga da awa: saduwar daren Alhamis ƙarfe 11, awa 72 za su cika daren Lahadi ƙarfe 11, awa 120 daren Talata. Idan sau biyu ne ko uku, daga ta farkon ake ƙirgawa.

Aikinta jinkirta fitar ƙwai ne har maniyyin da ke jira ya mutu. Ba ta zubar da ciki, kuma idan akwai ciki tun farko ba ta taɓa shi. Wannan ya sa kwanakin jini da na bayan wanka su ne inda ta fi amfani, saboda ƙwai bai fito ba tukuna. Idan ya riga ya fito, ba abin da za ta iya. Cikin mata 100 da suka sha, ɗaya zuwa biyu suna yin ciki duk da haka.

Ta biyu ita ce ulipristal, miligiram 30, da sunan ellaOne. Ta fi tsada, ba kowace farmasi ke ajiye ta ba, amma ƙarfinta ba ya raguwa har awa 120, kuma tana iya tsayar da ƙwai ko da yana dab da fita. Idan an wuce kwana uku, ita ce zaɓi a cikin ƙwayoyi. Kada a haɗa ta da levonorgestrel da sunan ƙarin ƙarfi, suna kashe wa juna aiki. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a fara ƙwayar kullum, ko allura, ko ashanar hannu, sai kwana 5 sun wuce bayan shanta. Mai shayarwa ta fi dacewa da levonorgestrel: ta ba jariri nono, sannan ta sha. Takardar ellaOne tana cewa a dakatar da shayarwa mako guda, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗanyen goyo.

Abubuwan da ke lalata aikin

Amai. Idan kin yi amai cikin awa 3 da sha, ki ɗauka maganin ya fita, ki sake shan wani. Cin ɗan abinci kafin sha yana rage tashin zuciya.

Wasu magunguna suna sa hanta ta narkar da ƙwayar da wuri: rifampicine na tarin fuka, magungunan farfaɗiya irin su Tégrétol, Gardénal da phénytoïne, da maganin sida mai efavirenz. Tasirinsu yana ci gaba har mako 4 bayan an daina. Mai shan waɗannan ta nemi robar mahaifa, in ba hali ta ninka levonorgestrel zuwa miligiram 3, wato NorLevo biyu a tare. ellaOne ba nata ba ce. Maganin sida mai dolutegravir, wanda yawancin masu karɓa ke kansa yanzu, ba ya wannan matsala.

Nauyin jiki ma yana da tasiri. Idan kin haura kilo 70, ƙarfin levonorgestrel na iya raguwa, shi ya sa likitoci da dama ke ba da ulipristal ko ninkin levonorgestrel.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗauka cewa ƙwayar ta rufe watan duka. A'a, ta ture ƙwan ne gaba da 'yan kwanaki. Wadda ta sha rana ta 7, aka sake saduwa rana ta 10 da ta 12 ba kariya, ta kai kanta daidai inda ƙwan ya koma. Maigida, wannan naka ne: ko kwaroron roba, ko haƙuri, har sai wata hanya ta fara aiki. Bayan levonorgestrel ana iya fara ƙwayar kullum ko allura nan take, a ƙara da kwaroron roba na kwana 7.

Ruwan gishiri, kanwa, lemun tsami, Nescafé mai kauri, kinin, kafso, tsarki da ruwan zafi, tsalle, fitsari nan da nan: babu ɗaya da ke hana ciki. Maniyyi yana wuce bakin mahaifa cikin mintuna. Kinin da yawa kuwa yana iya taɓa ji, da gani, da bugun zuciya.

A ina ake samu, kuma yaya ake gane na ƙwarai

Farmasi mai rajista, mai alamar koren kuros, ita ce wuri na farko. A Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena akwai pharmacie de garde da ke kwana buɗe bi da bi, kuma ana liƙa sunan mai aikin makon a ƙofar waɗanda suka rufe. Levonorgestrel galibi ba ta buƙatar takardar likita. In kunya ta hana magana a gaban layi, ki rubuta "lévonorgestrel 1,5 mg" a takarda ko a waya ki miƙa. Miji ma na iya sayowa. Wuri na biyu shi ne sashen planning familial na centre de santé ko asibitin gunduma, wurin ungozomar asibiti da ake kira sage-femme. Ƙungiyar CAMNAFAW a Kamaru da ASTBEF a Chadi su ma wannan ne aikinsu.

Kafin ki biya, ki juya kwalin. Ki karanta sunan sinadarin da yawansa. Ki duba ranar ƙarewa, sannan ki zaro katin ki ga ko lambar lot da ke jikinsa ta yi daidai da ta kwali. Rubutu mai dishi-dishi, kuskuren harafi, kwali ba takardar bayani a ciki, duk alamun a ajiye ne. Postinor-2 na asali kamfanin Gedeon Richter na ƙasar Hungary ne ke yin sa, kuma yana cikin waɗanda ake yi wa jabu: a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan wanda aka kama a Kampala ta ƙasar Uganda, da aka gwada babu ko ɗigon magani a ciki.

Na tebur a kasuwa, da na masu yawo da shi a kwali, waɗanda a Chadi ake kira docteur Choukou, araha ne, amma araha ba ta ado. Ko da na asali ne, ana son ajiye shi ƙasa da digiri 30, ga shi zafin Maris da Afrilu a Marwa da Kusiri yana haura 40, ƙwaya tana kwance a rana tun safe. Kuma jabun wannan magani ba a gane shi sai bayan mako uku, lokacin da gyara ya wuce. Wadda take ƙauye nesa da gari, musamman da damina idan mayo, wato kogi, ya cika hanya ta yanke, gara ta ajiye ɗaya a ɗaka, cikin akwati inda babu zafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan babu ko ɗaya, ƙwayar tazarar haihuwa ta kullum tana iya tsayawa a madadin. Microgynon 30 mai ƙwaya 28, guda 21 ne masu aiki, 7 na ƙarshe masu launin ƙasa ba na hana ciki ba ne, kada a taɓa su. A sha 4 daga cikin masu aikin, bayan awa 12 a ƙara 4. Wannan hanya ta fi sa tashin zuciya da amai, kuma ƙarfinta bai kai na sauran ba. Microlut ta masu shayarwa kuwa, kowace miligiram 0.03 ce, sai an haɗa 50 a sha ɗaya kafin a kai 1.5. Adadin yana ba da tsoro, amma daidai yake da NorLevo guda. Wani suna daban in ba waɗannan ba, a nuna wa ungozoma katin ta ƙirga.

Robar mahaifa

Wadda ta fi duka ƙarfi ita ce wadda aka fi mantawa: robar mahaifa mai jan ƙarfe, stérilet ko DIU a bakin ma'aikatan asibiti. Idan an sa ta cikin kwana 5, tana hana ciki fiye da kashi 99 cikin 100. Ba ruwanta da nauyin jiki ko maganin tarin fuka, tana aiki ko ƙwai ya fito, kuma nau'in TCu 380A yana ci gaba da karewa shekara 10 zuwa 12, a cire duk ranar da ake son haihuwa. Sai ma'aikaciyar da ta ƙware ce ke sa ta, cikin 'yan mintuna. Ba a sa wa mai ciwon sanyi da ke fitar da ruwa mai wari sai an yi magani, mai jego kuma sai ta cika mako 4. Aibinta shi ne jinin al'ada kan ƙaru ya kuma ƙara kwana, musamman watannin farko. Idan sai jibi za a sa miki, ki sha ƙwayar yau duk da haka.

Bayan an sha

Tashin zuciya, ciwon kai, kasala, nauyin nono, ɗan ciwon mara, duk suna wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wadda ta sha a farkon zagaye takan ga ɗigon jini cikin mako, ko al'ada ta zo da wuri. Wannan ɗigon ba shaida ba ne cewa babu ciki. Shan ta sau da yawa ba ya hana haihuwa nan gaba, sai dai yana hargitsa kwanaki har mace ta rasa gane haila da tsarki, kuma kariyarta ba ta kai ta allura ko ashana ba.

A yi gwajin fitsari mako 3 bayan saduwar, ko idan al'ada ta makara fiye da kwana 7, ko ta zo 'yar kaɗan ba kamar yadda aka saba ba. Gwajin da aka yi kafin nan yana iya nuna layi ɗaya alhali akwai ciki. Fitsarin farko na safe ya fi. Ciwon mara mai tsanani ta gefe ɗaya, da jiri ko suma, ko ciwo a kafaɗa, na iya zama ciki a wajen mahaifa. Wannan ba ya jiran safiya, a tafi asibitin da ke da ɗakin tiyata.

Idan fyaɗe ne, ko yarinyar tana cikin jini, ko ta riga ta yi wanka, a kai ta asibiti kafin a zauna zaman sulhu ko ƙara. Bayan ƙwayar hana ciki akwai maganin kariya daga sida, wanda dole a fara shi cikin awa 72 a sha kwana 28 ba fashi, da maganin cututtukan sanyi, da allurar ciwon hanta nau'in B. A riƙe kayan da ke jikinta ba a wanke ba, cikin takarda ba leda ba, a kuma nemi likita ya rubuta takardar shaida, certificat médical, tun a wannan zuwan.